Abin da Mai Kemis Ya Zo Faɗa Mini

Ku gyara zama, 'yan uwa, yau ba zan yi wa kaina kara ba. Na sha ba ku labarin wautar mutane kuna dariya. To yau tawa ce, kuma in aka ɗora ta a sikeli sai ta rinjayi duk waɗancan.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: in ka shiga sashen masu ciwon daji na asibitinmu, fuskar farko da za ka gani a bayan gilashi tawa ce. Ni ba likita ba ce, ba kuma nas ba. Kati nake yankewa, in lalubo fayil, in ba mutum ranar da zai ga likita. A wurin aiki 'Yar Kati ake ce mini. A gida Umma tana kirana Auta, duk da cewa ni ce farkon ni ce ƙarshen. Gwaggo kuwa, ƙanwar marigayi Babana, Likita take ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

"Likita, shekara ashirin da tara," haka take buɗe mini gaisuwa. "Kowa kin ba shi rana, ke taki ranar sai yaushe?"

Kafin annobar nan ta zo, kullum mukan ga mutum sittin, wata rana saba'in. Benci ya cika, wasu su jingina da bango, wasu su shimfiɗa mayafi a ƙasa su zauna. Da aka sa dokar kulle sai wurin ya yi wayam. Aka manna jan tef a kan kujeru, a zauna a ɗaya a tsallake biyu, amma ko waɗanda aka bari ɗin ba su cika ba. Akwai Talatar da mutum bakwai kacal na yi wa kati. Motocin haya sun tsaya. An rufe ɗakin da ake duba matan da ke zuwa gwaji tun ba su ji ciwon komai ba. An kwashe mana nas huɗu an kai ɗakin masu annoba. Sauran mutane kuwa tsoro ne ya zaunar da su, kowa ya ɗauka in ya taka asibiti da lafiyarsa, da tari zai koma gida.

Kun san abin da na ji? Daɗi. Na miƙe ƙafa a ƙarƙashin tebur, na koyi saƙa a waya, har na saƙa wa kwalbar ruwana riga. Wata rana na leƙa ofishin Sista, shugabar nas-nas ɗinmu, na ce, "Sista, kamar ciwon dajin ma ya ji tsoron annobar nan."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Yana nan, 'Yar Kati. A gida yake zaune yana girma. Ki ci hutunki da kyau, duk za su zo miki rana ɗaya."

A gida kuwa na zama mai wa'azi. In na dawo, a bakin ƙofa nake cire takalmi, in jiƙa kayan aikina a bokiti, in wuce banɗaki ban bari Umma ta matso ni ba. In na fito sai in ɗare hannun kujera in fara.

"Umma, asibiti yanzu ba wurin zuwa ba ne. Ko kanki ke ciwo, ki sha magani ki kwanta. Kowa ya zauna a gidansa."

Takan ce, "To, Auta."

Ni kuma in ji kaina ya ƙara girma. Ga 'yar da ta san aikinta.

Bayan wata huɗu Sista ta dire mini takardu a tebur, sunaye ɗari biyu da talatin na waɗanda suka daina zuwa. Ta ce in kira su ɗaya bayan ɗaya.

"Salamu alaikum, daga asibiti ne. Mama ba ta zo ƙarin ruwan maganinta ba yau wata uku."

"Ai muna jira abin ya lafa ne."

"Nata ciwon ba ya jira. Ku kawo ta gobe."

Wasu su ce babu mota. Wasu su ce sun koma shan saiwa. Wani dattijo ya ce mini, "Ku da kuke kwasar cuta a can, ku ne kuke kiranmu?" ya kashe wayarsa. Akwai kuma waɗanda in na ambaci sunan sai wata murya ta ce, "Ai ta rasu, yau kwana ashirin." Sai in ja layi a kan sunan da jan biro, in kurɓi ruwa, in kira na gaba. Na ƙware a lallashi, na ƙware a tsoratarwa. Har Sista ta yabe ni a gaban likita, ta ce bakina yana iya fito da mutum daga ƙarƙashin gado.

Da aka buɗe gari, maganar Sista ta iso. Tsofaffin marasa lafiyarmu suka dawo, sababbi suka biyo bayansu, sai ka ga mutum ɗari da ashirin kafin ƙarfe tara. Kuma ba irin na da ba ne. Da, mace takan zo ta ce ta ji ɗan ƙullutu a nono kamar ƙwayar gyaɗa. Yanzu sai a turo ta a keke, an rufe mata ƙirji da tawul. Ranar ganin likita da nake bayarwa bayan sati biyu ta koma sati goma sha ɗaya. Ana roƙona, ana zagina, ana yi mini kuka a taga. Ni kuma amsata guda ce: "Layi ne, Baba. Ko uwata ce sai ta bi layi." Na faɗi wannan ya fi sau ɗari, ina gyara takunkumin fuskata kamar wata alƙaliya.

A daidai wannan lokacin ne Umma ta canja mini. Da, in Gwaggo ta taso da maganar aure, Umma ce garkuwata. Takan ce, "Ki ƙyale ta, lokaci ne." Rana ɗaya sai na ga ta koma bayan Gwaggo.

"Auta, yaron nan mai kemis, me kika ce masa?"

"Umma, ai bai ce komai ba balle in ce."

"To ki sakar masa fuska ya ce. So nake in gan ki a ɗakinki kafin shekarar nan ta fita."

"Saurin me ake yi?"

"Ni dai na faɗa miki."

Mai Kemis shagonsa yana kwanar layinmu, jikin na mai gyaran takalmi. Dogo ne siriri, kullum cikin farar riga da biro biyu a aljihu, ga kunya kamar baƙo. Gwaggo ce ta ba shi lambata ba da izinina ba. Tun daga nan, kowace safiya ƙarfe bakwai saƙonsa yake shigowa: "Malama, ina kwana. Ya aiki? Allah ya tsare." Ni kuma in amsa: "Lafiya lau. Amin." Wata takwas muna haka. Soyayyarmu ke nan gaba ɗayanta. Ina nuna wa Gwaggo ko a jikina, amma ranar da saƙon ya kai bakwai da kwata bai shigo ba, sai da na kashe wayata na kunna sau biyu.

Ranar wata Alhamis, ina tsakiyar faɗa da wani mutum a kan fayil ɗin matarsa, saƙo ya shigo ba a lokacin da aka saba ba.

"Malama, ina son ganinki ranar Asabar da yamma a gida, lokacin da Umma take zuwa wurin Gwaggo. Magana ce mai nauyi. Na daɗe ina juya ta a raina."

Na karanta sau shida. Mutumin da nake faɗa da shi ya rasa dalilin da ya sa na koma yi masa murmushi da ido.

Ranar Asabar, Umma tana fita na hau aiki. Na share falo, na goge teburin tsakiya sau biyu, na canja labule, na sauko da kofunan gilashin da Umma take ajiye wa manyan baƙi a saman kabad. Riga uku na gwada. Shuɗiyar ta mai da ni kamar mai neman aiki. Jar mai duwatsu kuwa kamar wadda ta riga ta amsa tun ba a tambaye ta ba. Na tsaya a kan mai ruwan toka da zaren zinariya a wuya, na yafa farin mayafi. Na sa kwalli, na zauna na zizara janbaki tsaf, sai da na gama na tuna takunkumi zai rufe shi. Sannan na tsaya gaban madubi ina gwada yadda zan sunkuyar da kai in ce, "Ka ba ni lokaci in yi tunani." Tunanin da na gama tun ranar Alhamis.

Ƙarfe huɗu da rabi ya yi sallama. Ya zauna a bakin kujera kamar za a kore shi. Na zuba masa lemo, bai ko kalli kofin ba.

"Malama, ban san ta inda zan fara ba."

Na sunkuyar da kai ina murza gefen mayafi. A raina na ce, fara ta ko'ina, bawan Allah, ai ka yi ƙoƙari.

"Na yi alƙawarin ba zan faɗa ba. Amma na ga in na yi shiru ba zan yafe wa kaina ba."

"Ina jin ka," na ce, da wata siririyar murya da ban san ina da ita ba.

"Yau wata biyar Umma tana sayen magani a wurina."

Na ɗago kai.

"Da farko na rage zafi ne, irin wanda kowa ke saye. Sai ta koma neman wanda ya fi shi ƙarfi. Wata biyu da suka wuce ta fara sayen auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo. Ta ce na wata maƙwabciya ne. Na yarda, don ban ga dalilin da zai sa ta ɓoye ba, ga 'yarta a asibiti." Ya gyara zama. "Satin da ya wuce ta zo karɓar leda, hannunta na dama ya ƙi ɗaguwa ya kai kan teburin shagona. Na zagayo na ba ta kujera, na tambaye ta. Ta daɗe tana kallon ƙasa kafin ta faɗa mini. A nono ne, Malama. Ya fashe."

Ban san lokacin da mayafin ya zame daga kafaɗata ba.

"Na roƙe ta ta je asibiti, ta ƙi. Ta ce in rufa mata asiri har a yi bikinki, na amsa. Kafin ta fita na kasa jurewa, na ce mata na ba ta sati guda ta faɗa miki da bakinta, in ba haka ba, zan faɗa. Jiya satin ya cika."

Ina zaune a gabansa cikin zaren zinariya, sai abubuwa suka fara zuwa mini ɗaya bayan ɗaya. Umma ta koma yafa babban mayafi ko a cikin ɗaki. Ta daina bari in wanke mata kaya. Ta koma ɗaukar tukunya da hagu. Ɗakinta kullum yana ƙamshin ruwan wanke ciwo, ni kuma har yaba mata na yi, na ce Umma ta fi kowa bin dokar tsafta a unguwar nan. Ni da na kira mutum ɗari biyu da talatin ina yi musu faɗan ɓoye ciwo a gida. Tsakanin gadona da nata bango ɗaya ne.

Ya miƙe. "Ki yi haƙuri," ya ce. Ban raka shi ba, ban ce na gode ba.

Umma ta dawo rana ta kusa faɗuwa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Wannan kwalliya fa?"

"Umma, mu shiga ɗaki."

Idonta ya sauka a kan kofunan gilashi biyu a tebur, ɗaya cike ba a taɓa ba. Ta daɗe tana kallonsu.

"Ya zo ke nan," ta ce.

Ta zauna a bakin gado, ta ajiye jaka, ta cire mayafi da hagu. Ta ɓalle maɓallan rigarta a hankali. Ba zan kwatanta muku abin da na gani ba, uwata ce. Na dai sha ganin irinsa ana turowa a keke, ban taɓa ganinsa a jikin da na sha nono ba.

"Tun yaushe?"

"Satin da aka rufe gari na fara jin sa. Ɗan ƙarami ne lokacin."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na tambaye ki."

"Yaushe?"

"Kina wanke hannu a bakin famfo. Na ce, Auta, wurinku har yanzu ana duba mata? Kika ce an rufe ɗakin, kuma mai hankali ba ya zuwa asibiti yanzu."

Na tuna. Na tuna har dariyar da na ƙara a kai.

"Da aka buɗe fa, Umma?"

"Da aka buɗe kullum kina dawowa a gajiye, kina ba ni labarin waɗanda suka zo a makare, yadda likita yake girgiza kai. Sai na ce to ni ma na makara, me zan je a faɗa mini? Gara in ga aurenki ina tsaye da ƙafafuna."

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce Litinin za mu je. Ta ce in ta je yanke mata za a yi. Na buɗe bakin nan nawa da Sista take yabo, na nemi kalma ɗaya daga cikin waɗanda nake lallashin mutane da su a waya, babu. Sai na durƙusa a gabanta na fashe da kuka, kwalli yana bin kumatuna. Ƙarshenta mai ciwon ce ta koma bubbuga mini baya.

"Ya isa, za ni. Kukan nan naki ya fi ciwon damuna." Ta mai da maɓallanta. "Amma shi mai kemis kada ya ƙara tako mini gida. Da girmana na roƙe shi."

"Umma, ke ce fa kika ce in sakar masa fuska."

"Na janye."

Litinin da safe na zaunar da ita a benci cikin jama'a, na zagaya na shiga bayan gilashina. Na buɗe kwamfuta. Gurbi na farko, sati goma sha ɗaya. Na ɗaga kai, ga Umma can ta rungume jakarta a cinya tana kallona, tana jiran 'yarta mai ba da rana.

Na san yadda ake yi. Dannawa biyu ne, a ɗage sunan wani a sa nata, babu mai lura. Na bi sunayen satin da ido. Matsalar ita ce duk na san fuskokinsu. Wannan malamin makaranta ne da ba ya iya haɗiye abinci. Wannan tana da 'yan biyu. Wannan ni na kira ta sau huɗu kafin ta yarda ta fito. Hannuna yana kan linzamin kwamfuta har wanda ke gaban taga ya ƙwanƙwasa gilashi. Na tashi na nufi ofishin Sista.

"Sista, uwata ce a waje."

Na jira ta tuna mini maganar da nake faɗa wa mutane a taga, don ta sha jin ta. Ba ta tuna mini ba. Ta cire tabarau, ta ce in shigo da ita. Suka shiga bayan labule. Minti biyar ta fito tana cire safar hannu.

"Wannan ba ta layi ba ce, ta gaggawa ce. Ko uwar wa ce haka zan ce. Akwai gurbi a satin nan?"

"Babu, Sista."

"Duba Alhamis, ƙarfe goma."

"Akwai mai shi. Matar nan mai ɗinki."

"Mijinta ya kira ni da safe. Jiya ta rasu."

Ita ce wadda na kira sau huɗu. Sati tara ta yi tana jiran Alhamis ɗin nan. Na koma teburina na goge sunanta harafi bayan harafi, na rubuta na Umma a wurin. Daga nan na shiga banɗaki na daɗe ban fito ba.

Ranar Alhamis aka ɗebi ɗan nama don gwaji, aka yi mata hoto. Bayan kwana goma sakamakon ya fito, kuma kamar kowane sakamako, ta teburina ya biyo. Ban buɗe ba. To, gaskiya dai na ɗaga ambulan ɗin saitin taga ko zan hango wani abu, ban ga komai ba sai inuwar yatsuna.

Likita ya zaunar da mu. Ya ce ciwon daji ne, ya kai hammata, amma hoto bai nuna shi a huhu ko hanta ba.

"Mama, da kin zo tun farko da aikin ya fi sauƙi, ba zan ɓoye miki ba. Amma ba ki makara yadda kike tsoro ba. Za mu yi ƙarin ruwan magani sau shida ya motse, sannan tiyata."

Umma ta ce, "Alhamdulillah." Ta juyo gare ni. "Kin ji ko? Sai ki daina bi na da ido kamar za ki yi mini wankan gawa."

Gwaggo da ta ji labari ta yi kuka har muryarta ta dishe. Kwana biyu kawai ta dawo da hoton wani a waya, wai mai sayar da tayoyi ne, kuma shi ba shi da surutu. Umma ta karɓi wayar ta duba, ta ce ba laifi. Ni na shiga kicin na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Shi kuwa Mai Kemis bai fasa ba. Ƙarfe bakwai saƙonsa yana shigowa, sai dai ya ƙara layi ɗaya: "Ya jikin Umma?" Sati uku ban amsa ba. Ba fushi nake ba. Kunya ce. Duk lokacin da na ɗauki wayar sai in tuna siririyar muryar nan da na ce "ina jin ka" da ita, sai in kife wayar.

Jiya aka yi wa Umma ƙarin ruwa na farko. Mun dawo gida da azahar, kafin la'asar amai ya taso mata. Maganin da likita ya rubuta don haka ya ƙare a kantin asibiti saboda yawan jama'a. Na ɗauki takardar zan fita, tana kwance ta ɗago yatsa.

"Ban da wurinsa."

Na ce to. Na je kemis ɗin bakin titi, babu. Akwai wani a gaba kusa da gidan mai. Zan iya ce muku shi ma babu, amma na ce yau ba zan yi wa kaina kara ba: ban shiga ba. Ƙafafuna suka juya da kansu zuwa kwanar layinmu. Silifas ɗin wanka ne a ƙafata, rigar da nake shara da ita ce a jikina.

Yana ganina ya miƙe tsaye har biro ɗaya ya faɗo daga aljihunsa. Na miƙa masa takardar. Ya karanta, ya juya ya sauko da kwalin ba tare da ya nema ba.

"Tun ranar da na ji an ba ta rana na sayo na ajiye," ya ce. "Ɗaya yanzu, ɗaya bayan awa takwas. Ta riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan."

Na karɓi ledar.

"Ban yi maka godiya ba."

"Ba sai kin yi ba."

"Ta ce kada ka ƙara zuwa gidanmu."

"Na sani. Tana da gaskiya, na karya mata alƙawari. In da za a sake, zan sake karyawa." Ya sunkuya ya ɗauki bironsa, ya daɗe yana mai da shi aljihu. "Malama, ranar nan na ga kwalliyar. Na so in ce ta yi kyau, amma ba ranar faɗar haka ba ce."

Na ji kamar in shige cikin kwalin auduga. Sai wayata ta yi ƙara. Umma.

"Kina ina?"

Ƙarya ta zo mini har bakin leɓe. Na dube shi, na haɗiye ta.

"Ina wurinsa, Umma. Shi kaɗai ke da maganin. Tun tuni ya ajiye miki."

Na manna wayar a kunnena. Ina jin numfashinta, ina jin ƙarar fankar ɗakinta.

"Ba shi wayar."

Na miƙa masa. Ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa, ya ɗan rusuna kamar tana ganinsa. Ta daɗe tana magana. Ni ba na jin komai sai nasa ɓangaren: "To, Umma. Na ji, Umma. Haka ne. To, Umma." Takunkumi ya rufe masa rabin fuska, na rasa gane faɗa yake sha ko wani abin. Sau ɗaya ya ɗago ya kalle ni, ya yi sauri ya mai da idonsa ƙasa. Can ya ce, "In sha Allahu," ya miƙo mini wayar da hannu biyu. Ta riga ta kashe.

"Me ta ce maka?"

"Ki yi sauri ki kai mata maganin."

"Shi ke nan abin da ta ce, duk tsawon lokacin nan?"

"A'a."

"To me ta ce?"

Ya gyara biron aljihunsa, idanunsa suka ɗan ƙanƙance da murmushi ta saman takunkumin.

"Ta ce kada in faɗa miki. Wannan karon kuwa, Malama, ba zan faɗa ba."